Amsoshin Tambayoyinku: In Ido Ba Ya Ganin Hasken, Ina James Webb Ta Samo Launukan Hotunanta?

Tambaya:

Ni malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare. Ɗalibaina sun kawo mini hotunan sararin samaniya da ake yaɗawa a Facebook, waɗanda aka ce na'urar hangen nesa ta James Webb ce ta ɗauko su. Na karanta cewa da hasken infirared take aiki, wanda idon ɗan Adam ba ya gani. Sai wani yaro ya ce, "Malam, in ba a ganin hasken, ina aka samo ja da shuɗin da ke cikin hoton? Anya ba zanen kwamfuta ba ne?" Amsar da na ba shi ba ta gamsar da shi ba. Don Allah a yi mana bayani, a kuma faɗa mana dalilin da ya sa aka kashe maƙudan kuɗi a kan hasken da ba a gani.

Daga wani malami a Gusau, Jihar Zamfara.

Amsa:

Malam, a gaishe mana da wannan ɗalibi, don yana da rabin gaskiya. Hasken da na'urar ta kama na gaske ne, siffofin da ke cikin hoton na gaske ne, kowane tauraro yana nan inda aka nuna shi. Launin kuwa mutane ne suka sanya, amma ba da ka ba, akwai ƙa'idar da suke bi. Kafin mu kai ga ƙa'idar sai mun fara sanin hasken kansa.

A shekarar 1800 William Herschel, masanin taurari haifaffen Jamus mazaunin Ingila, wanda ya gano duniyar Uranus a 1781, ya so ya san ko zafin launukan hasken rana ɗaya ne. Ya ratsa hasken ta cikin gilashi mai kusurwa uku, hasken ya baje ya fitar da launukan bakan gizo, ya riƙa ɗora ma'aunin zafi a kan kowane launi. Ya lura zafi na ƙaruwa daga ɓangaren shuɗi zuwa ja. Da ya gusar da ma'aunin gaba da ja, inda ido ba ya ganin komai, sai zafin ya ƙara hawa. Ashe akwai haske a wurin, ido ne ya kasa kama shi. Wannan shi ne infirared.

Abin da ya raba shi da hasken da muke gani shi ne tsawon zango. Duk mai kama tashoshin waje a rediyo ya san gajeren zango, mita 19 ko mita 25. To igiyar rediyon nan, da infirared, da hasken fitila, da hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, duk dangi ɗaya ne, gudunsu ma ɗaya, kusan kilomita 300,000 a sakan guda. Zangon rediyo da mita ake auna shi. Na hasken gani kuwa da maikiron ne, wato milimita ɗaya a kasa ta dubu. Idon mutum yana kamawa daga maikiron 0.4, inda shunayya take, zuwa 0.7, inda ja ya ƙare. Iyakarsa ke nan. Infirared ya tashi daga 0.7 har wajen maikiron 1,000. Masana taurari suna bibiyar wannan fage mai faɗi saboda dalilai uku.

Na farko ya shafi zafi. Duk wani abu mai ɗumi yana fitar da haske, kuma yawan zafinsa ne ke yanke irin hasken. Fuskar rana ta kai wajen digiri 5,500 a ma'aunin Salshiyas, shi ya sa ƙarfin haskenta ya fi taruwa a fagen da ido ke gani. Jikin mutum, mai digiri 37, nasa hasken yana wajen maikiron 10, kuma shi ne abin da ma'aunin nan da aka riƙa nuna wa mutane a goshi lokacin korona yake karantawa. A sama ma haka abin yake. Da daren hunturu, in ka dubi taurarin nan uku da ke jere a tsakiyar rukunin Orion, gefe guda za ka ga wani babba mai ja-ja. Sunansa Betelgeuse. Zafin fuskarsa bai wuce wajen digiri 3,300 ba, don haka mafi yawan haskensa a infirared yake fita, ɗan kaɗan ne rabon ido. Da idanunmu suna ganin infirared na kusa da ja, da shi ne zai fi kowane tauraro haske da dare, har ya zarce Shi'ira, tauraron da sunansa ya zo a Suratun Najmi, wanda shi ne mafi haske a ganinmu na yanzu. Akwai kuma wasu halittu da suka fi duniyar Jupiter nauyi amma nauyinsu bai kai su riƙe wutar tauraro ba. Waɗannan kusan a infirared kaɗai ake samun su. A 1995 aka fara tabbatar da su, ɗaya daga cikin na farkon kuwa a cikin taurarin Kaza da 'Ya'yanta yake. Gajimaren ƙurar da ke tsakanin taurari ya fi su duka sanyi, yakan kai digiri 250 ƙasa da sifiri, haskensa na fita a zangon da ya haura maikiron 100.

Dalili na biyu ita ce ƙurar nan. Tsakanin taurari ba fanko ba ne, akwai manyan gizagizai na iskar gas da ƙura, su ake kira nebula, kuma a cikinsu ake haihuwar sababbin taurari. Ƙwayoyin ƙurar ƙanana ne ƙwarai, galibinsu ba su kai maikiron ɗaya ba, sun fi kama da hayaƙi a kan ƙurar ƙasa. Ka san yadda rana kan koma ja in hayaƙin ƙonon daji ya tare ta: hayaƙin ya warwatsa shuɗi mai gajeren zango, ya bar ja mai dogon zango ya wuce. Infirared ya fi ja tsawon zango, don haka ya fi shi iya ratsawa.

Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne tsakiyar galaksinmu, wato tarin taurarin da ranarmu ke ciki. Nisanta da mu ya kai tafiyar haske ta shekara 26,000, kuma ƙura ta cika hanyar. A hasken gani, abin da ke isowa gare mu bai wuce kashi ɗaya cikin tiriliyan ba. A maikiron 2.2 kuwa kusan ɗaya cikin goma na isowa. Ta wannan kafa Reinhard Genzel na Jamus da Andrea Ghez ta Amurka, kowa da tawagarsa, suka shafe shekaru tun daga wajen 1990 suna bin sawun taurarin da ke can, da manyan na'urori a ƙasar Chile da tsibirin Hawaii. Sun ga wani tauraro da ake kira S2 yana kewaya wani wuri da ba a ganin komai a cikinsa, yana kammala zagaye cikin shekara 16. Daga saurinsa da faɗin zagayensa aka lissafa cewa abin da yake kewayawa ya ninka rana nauyi sau miliyan huɗu. Baƙin rami ne. Wannan aiki ya ba su kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 2020, tare da Roger Penrose na Ingila.

Tun kafin su, a 1967, Eric Becklin da Gerry Neugebauer sun auna nebular Orion da infirared, suka tarar da wani abu mai tsananin haske a wurin da hotunan hasken gani ba su nuna komai ba. Matashin tauraro ne da ƙura ta lulluɓe. Haka nan in ka sami hoton ginshiƙan ƙura na nebular Eagle wanda na'urar Hubble ta ɗauka a 1995, ka ajiye shi kusa da wanda James Webb ta ɗauka a Oktoban 2022, za ka ga bambancin da idonka. A na farko ginshiƙan duhu ne ƙirin, kamar bango. A na biyu sun yi shara-shara, taurari birjik a ciki da bayansu, ga jajayen ɗigo a bakin ginshiƙan inda sababbin taurari ke fitowa. Ƙurar kuma ba tarewa kaɗai take yi ba. Hasken da ta haɗiye yana ɗumama ta, sai ta mayar da shi waje a matsayin infirared. Masana sun ƙiyasta cewa kusan rabin hasken da taurari suka taɓa fitarwa ta wannan hanya ya bi. Wanda ya tsaya a hasken gani kaɗai, rabin lissafin ya ɓace masa.

Dalili na uku shi ya fi nauyi wajen gina James Webb. Tun daga aikin Georges Lemaître a 1927 da na Edwin Hubble a 1929 aka san cewa sararin samaniya yana faɗaɗa. Hasken da ya daɗe a hanya, faɗaɗar nan tana miƙe zangonsa, kuma gwargwadon daɗewarsa gwargwadon miƙewar. A 2024 James Webb ta tabbatar da wani galaksi mai lamba JADES-GS-z14-0, wanda haskensa ya taso tun sararin samaniya na da shekara kusan miliyan 290, alhali shekarunsa yanzu sun kai biliyan 13.8. Kafin hasken ya iso mu zangonsa ya ninku kusan sau goma sha biyar. Abin da ya baro can yana kore, mai maikiron 0.5, ya iso nan ya haura maikiron 7. Na'urar Hubble tana ɗan taɓa infirared, amma iyakarta wajen maikiron 1.7. James Webb kuwa tana gani daga 0.6 zuwa 28. Duk mai son ganin taurarin farko, ba shi da wata ƙofa sai wannan.

To in amfanin ya kai haka, me ya sa aka daɗe ba a yi ba? Saboda matsaloli biyu. Ta farko iskar duniyarmu ce. Tururin ruwan da ke cikinta yana shanye mafi yawan infirared, sai 'yan kafofi ya bari. Shi ya sa ake kai irin waɗannan na'urori kan duwatsu masu tsawo da bushewar iska, kamar Mauna Kea a Hawaii, mai tsayin fiye da mita 4,200, inda Birtaniya da Amurka suka buɗe nasu a 1979. Har jirgin sama an yi amfani da shi: hukumar NASA da takwararta ta Jamus sun huda gefen wani Boeing 747 suka dasa madubi a ciki, suka sa masa suna SOFIA, yana tashi sama da kilomita 12 don ya haye tururin. Ya yi aiki har 2022.

Matsala ta biyu ta fi wuya. Tunda duk abu mai ɗumi yana fitar da infirared, ita kanta na'urar tana haskawa, madubinta da jikinta da komai, haskenta ya danne ɗan abin da ya zo daga nesa. Dole a sanyaya ta matuƙa. Tauraron ɗan Adam na farko da ya auna kusan dukkan sama da infirared shi ne IRAS, na haɗin gwiwar Amurka da Holan da Birtaniya, a 1983. Da ruwan hiliyam aka sanyaya shi, ruwan ya ƙare cikin wata goma, amma kafin nan ya tattara abubuwa fiye da 250,000, ya kuma gano faifan ƙura a kewayen tauraron Vega. Na'urar Spitzer ta NASA ta tashi a 2003, hiliyam ɗinta ya ƙare a 2009, ta ci gaba da ɓangaren da ba ya buƙatarsa har Janairun 2020. Ita ce ta taimaka aka tabbatar da duniyoyi bakwai a kewayen tauraron TRAPPIST-1 a 2017. Turai ta harba tata, mai sunan Herschel, a 2009, da madubi mai faɗin mita 3.5, ta daina aiki a 2013 da nata hiliyam ɗin ya ƙare.

James Webb ta bi wata dabara daban. An harba ta ranar 25 ga Disamba 2021 daga Kourou a yankin Guiana na Faransa, aka kai ta nisan kilomita miliyan 1.5 daga duniya, kusan ninki huɗu na nisan wata, wurin da rana da duniya da wata duk suke gefe guda. Sai aka sa mata laima mai rufi biyar, tsawon mita 21 da faɗin 14, tana ba su baya kullum. Gefen rana yakan kai digiri 85, gefen inuwa kuwa 233 ƙasa da sifiri. Ɗaya daga cikin na'urorinta huɗu, MIRI, tana da injin sanyaya na musamman da ke sauke ta zuwa 266 ƙasa da sifiri. Madubinta mita 6.5 ne, an haɗa shi daga ɓangarori 18 masu kusurwa shida, an shafe su da zinari saboda zinari ya iya mayar da infirared. Duk zinarin bai kai giram 50 ba. Aikin ya ci kusan dala biliyan goma cikin fiye da shekara ashirin, kuma wani babban ɓangare na wahalarsa neman sanyin nan ne. Ko kuɗin sun cancanta, wannan muhawara ce da 'yan majalisar Amurka da kansu suka yi, har aka yi yunƙurin soke aikin a 2011. Abin da kuɗin suka saya dai shi ne abubuwa ukun da muka lissafa, da ikon gane sinadaran da ke cikin iskar wasu duniyoyi, kamar iskar kabon dayokzayid da ta gano a duniyar WASP-39b a 2022.

Yanzu ga maganar launi. Abin da James Webb ke aikowa lambobi ne: kowane ɗigo na hoton yana ɗauke da adadin hasken da ya faɗa masa. In aka nuna shi yadda ya zo, fari da baƙi ne. Ana ɗaukar wuri ɗaya sau da yawa, kowane karo ta cikin matata daban da ke barin zango guda ya wuce, misali maikiron 0.9, da 2, da 4.4. Ma'aikatan cibiyar da ke kula da na'urar a birnin Baltimore sai su jera hotunan bisa tsarin da ido ya saba da shi: mafi gajeren zango a ba shi shuɗi, na tsakiya kore, mafi tsawo ja, sannan a haɗa su. Jerin bai canja ba, an dai gusar da shi gaba ɗaya zuwa inda ido zai iya karantawa. Saboda haka launin yana ɗauke da labari. Shuɗi a irin wannan hoto sau da yawa taurari ne masu zafi ko na kusa, ja kuwa ƙura ce, ko abin da ƙura ta rufe, ko galaksi mai tsananin nisa.

Wannan ba da James Webb aka fara shi ba. A hoton ginshiƙan nan na Hubble na 1995, hasken iskar haidirojin da na sinadarin sulfa duk ja ne a ido, ba za a iya bambanta su ba, sai aka ba haidirojin kore, aka bar wa sulfa ja, aka ba oksijin shuɗi. Kyamarar wayar da ke aljihunka ma adadin haske take aunawa ta cikin ƙananan matatai na ja da kore da shuɗi, sannan ta lissafa launi. Abin lura kawai shi ne kada a ɗauka haka ido zai ga wurin. A hoton Jupiter da James Webb ta fitar a Agustan 2022, babban tabon nan da aka sani da ja ya fito fari, saboda a waɗannan zangunan yana mayar da hasken rana da yawa.

Inda ɗalibinka ya yi daidai shi ne, ba duk abin da ake yaɗawa da sunan James Webb ne nata ba. Duk hoton da ya nuna maka wata duniya ta wani tauraro da tekuna da duwatsu da gizagizai, zane ne. Babu na'urar da ta kai ga ganin haka tukuna, kuma hukumomin kan rubuta a ƙasa cewa hasashen mai zane ne, masu yaɗawa ne ke yanke rubutun. A 2022 wani masanin fiziks ɗan Faransa, Étienne Klein, ya wallafa hoton yankan sosej a Twitter ya ce tauraron Proxima Centauri ne da James Webb ta ɗauko. Mutane da yawa suka yarda, daga baya ya fito ya ce barkwanci ne. Yanzu kuma ga hotunan da manhajojin kwamfuta ke ƙirƙira.

Ga abin da za ku riƙa dubawa a aji. Taurari masu haske a hotunan kyamarar NIRCam ta James Webb suna da tsinkayen haske takwas, shida manya, biyu ƙanana a kwance. Siffar madubinta mai kusurwa shida da sandunan da ke riƙe ƙaramin madubi ne ke haifar da su. Na Hubble huɗu ne. Hoton gaske kuma yana zuwa da sunan abin da aka ɗauka, da jerin matatan da aka yi amfani da su, da launin da aka ba kowace, a shafukan NASA da na Hukumar Sararin Samaniya ta Turai. Ainihin lambobin ma ana ajiye su a rumbun intanet mai suna MAST, kyauta ne ga kowa, sai dai wasu akan riƙe su har shekara guda don masu binciken da suka nemi a ɗauko su su fara aiki a kai.

Akwai kuma gwajin da za ka yi musu ba tare da sayen komai ba. Ka zo da rimot na talabijin, ka danna maɓalli su dubi ɗan ƙwan da ke bakinsa: ba za su ga komai ba. Sai ka sa su duba ta kyamarar waya, za su ga yana ƙyafta haske mai ruwan shunayya. Rimot ɗin infirared yake fitarwa, wajen maikiron 0.94, kyamarar ta kama shi ta nuna shi da launin da allonta ke iya nunawa. Wasu wayoyin suna da matata mai ƙarfi a kyamarar baya, in ba a ga komai ba a gwada ta gaba. Daga nan sai ka tambaye su wanne ne na gaske a cikin abin da suka gani, hasken ko launin, ka bar su su yi gardama a kai.